Marayun Gindin Shafi

Duk wanda ya san Pyo Sang-deok a Daegu, da jaka ya san shi. Baƙar jaka ce mai maɗauri ɗaya, ta karkatar masa da kafaɗar hagu tun yana saurayi, har ta kai ko ya ajiye ta kafaɗar ba ta komawa daidai. Shekararsa arba'in da bakwai, yana da digirin digirgir a fannin tarihi, amma babu jami'ar da yake da kujera a cikinta, balle ƙofa mai sunansa. Irin malaman nan ne da ake ɗauka zango-zango. Litinin ya koyar a nan, Talata ya hau bas ya koyar a wani gari, abincin rana kuwa naɗin shinkafa ne a tsaye a tasha. 'Yan koli ake kiransu, su ma in sun haɗu haka suke kiran junansu.

Ɗan mai gyaran keke ne daga Sangju. Uban ya so ya zama ma'aikacin gwamnati, mai zuwa ofis da tsabtataccen hannu, shi kuwa ya faɗa sashen tarihi don nan makinsa ya kai shi. Yana shekara ta biyu ya shiga ajin Farfesa Yeom, mutumin da ya yi karatu a Ingila ya dawo ya ƙarar da rayuwarsa a kan cinikin ulu na Turawan da suka mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, alhali shi kansa bai taɓa shafa bayan tunkiya ba. Ranar da ake raba takardun jarrabawa Malam ya ɗaga guda ɗaya ya ce, "Wane ne Pyo?"

Pyo ya miƙe.

"Abin da ka rubuta shirme ne. Amma rubutun hannunka yana da kyau. Ka same ni a ofis."

Ya tafi yana zaton kyauta za a ba shi. Tulin takardu aka tura masa ya kwafe. To, daga wannan kwafen ne har yau bai ɗago kai ba.

Kada a ce Malam bai koya masa komai ba. Ya koya masa cewa saman shafi surutun marubuci ne, kowa ma ya iya, amma a ƙananan bayanan nan na gindin shafi ake gane ɗan halak, don nan mutum yake faɗin inda ya samo kowace magana. Ya koya masa 'yan guntayen kalmomin Latin da ake zubawa a wurin. *Ibid.* na nufin "can dai inda na faɗa maka yanzun nan", wato littafin da ke cikin bayanin da ke samansa. *Op. cit.* kuwa "littafin mutumin nan da na ambata can baya, koma ka nema". Akwai *passim*, wadda Pyo ya fi tsana, don ita cewa take yi "yana nan warwatse cikin littafin, ni dai na gaji". Sai *et al.*, "da sauransu", wadda ya fi kowa saninta, domin a cikinta ya yi zaman haya shekara da shekaru. Duk maƙalar da ya yi wa wahala, in ta fito sai ka ga an ambace ta da Yeom *et al.*

Kuma kada a ce Malam mugu ne. Shi ya tsaya a gaban jama'a ya ɗaura auren Pyo da Mi-ran. Da mai gyaran keke ya rasu, Malam ya zo Sangju ya zauna har aka kai shi, da baƙar kwat, a tsakanin tsofaffin tayoyi. Matar Malam, wadda duk ɗalibai ke kira Samonim, ta ciyar da Pyo abin da ya fi wanda uwarsa ta ciyar da shi. Kujerar jami'a ce dai ba ta samu ba. Duk lokacin da gurbi ya buɗe, sai a ce wani yayansa a karatu ne a gaba, shi ya ɗan ƙara haƙuri.

Babban littafin Malam, wanda zai tattara duk aikin rayuwarsa, an so a miƙa masa shi a walimar ritayarsa. Bai kammalu ba. Aka ce sai bikin cikarsa saba'in. Bai kammalu ba. Yanzu an ɗaga zuwa bikin tamanin, a kaka mai zuwa, kuma kowa ya san babu wani biki bayan wannan. Ɗaliban da suka yi alkawarin taimakawa duk sun zama manya, sun yi tumbi, sun bar wa Pyo.

Ga inda matsalar take. Farfesa Yeom bai taɓa yarda da kwamfuta ba. Da alƙalami yake rubutu a takarda mai gida-gida, in kuma zai yi gyara, almakashi da gam yake ɗaukowa. Sai ya yanko sakin layi daga wata lacca da ya rubuta tun Pyo na rarrafe, ya yanko ɗan bayaninsa na gindi, ya manna su a tsakiyar sabon babi. A tsohon gidansa, *ibid.* ɗin nan yana zaune ƙarƙashin ubansa, kowa ya san littafin da yake nufi. A sabon gida sai ya wayi gari ƙarƙashin baƙo. Ya ce maka shafi na ɗari uku, ka ɗauko littafin da ke samansa, ka tarar ko shafi ɗari bai kai ba. Ragowar takardun da aka yanko daga jikinsu kuwa, tuni Samonim ta hura gawayi da su tun zamanin da ake ɗumama ɗaki da gawayi.

Pyo ya sa musu suna marayu. Aikinsa duk ranar Alhamis shi ne ya je gidan Malam, ya shiga ɗakin littattafai, ya nemo wa kowane maraya ubansa. Intanet ba ta da abin da za ta yi masa, don Malam ya riga ya juya maganganun Turawan zuwa harshen gida. Abin da ke hannunsa lambar shafi ce kawai. Sai ya bi kanta-kanta yana zaro littafi, ya buɗe wannan shafin, ya karanta, ya mayar, ya zaro na gaba. Wata Alhamis ya dace da ɗaya. Wata Alhamis ya koma ɗakinsa na haya da ƙura a hanci kawai.

Mi-ran ta gaji da jira tun shekara biyu da suka wuce. Gwiwoyin mahaifiyarta sun ƙi, sai ta ɗauki 'yarsu Da-som suka koma Mokpo, can bakin teku, ta karɓi gidan abincin tsohuwar inda ake sayar da miyar kifi mai yaji. Pyo yakan je in an yi hutu, kamar baƙo.

Wata rana a tsakiyar sanyi yana tasha wayarsa ta yi ƙara.

"Baban Da-som, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake. Ga ƙarar bas nan ina ji. Saurara, mutumin gidan tarihin nan ya sake zuwa cin abinci jiya."

Wani ƙaramin gidan tarihi ne na kwale-kwale da kayan kamun kifi, shugabansa kuma ba ya iya mako bai sha miyar Mi-ran ba. Yana neman mai digirin tarihi, aiki na dindindin.

"Ya ce kujerar tana jiranka har bayan Sabuwar Shekara. Daga nan zai ba ɗan ƙanwarsa. Tebur ne fa, Baban Da-som. Tebur naka, ba na aro ba."

"Ni me na sani game da kwale-kwale?"

"Me ka sani game da tunkiya?"

Ya ce, "Littafin Malam fa? In an kai kaka…"

"An kai kaka nawa? Ni mutum na aura ko kwalbar gam?" Ya ji ta matsar da wayar ta ce wa wani tebur tana zuwa, sannan ta dawo da murya ƙasa-ƙasa. "Malamar su Da-som ta tambaye ni ko mun rabu. Wai yarinyar ce ta ce babanta a Daegu yake da gida. Ban san me zan ce mata ba. In ba ka zo wannan karon ba, zan san abin da zan ce."

Washegari ya nemi Farfesa Bong, babban yayansu a wajen Malam, wanda yanzu shi ne shugaban sashe. Suka haɗu a shagon taliya kusa da jami'a. Pyo ya zayyana masa komai, Bong na zuƙar taliya yana gyaɗa kai.

"Marayun nan saura nawa?"

"Da yawa, Yaya. Ko rabi ban ci ba."

"Goge su."

"In goge?"

"Goge su mana. Mako ɗaya ka gama, ka tafi wajen matarka. Wa zai karanta? Mu da za a raba wa littafin a wajen walima, ƙarƙashin tukunyar taliya za mu sa shi kada tebur ya ƙone."

"Yaya, in na goge bayanin, maganar Baturen ta zama ta Malam ke nan. Mun mayar da shi ɓarawo yana ɗan shekara tamanin."

"To rubuta a wurin cewa ba a gano asali ba."

"A littafin Malam? Mutumin da ya yaga maka babi guda don ka manta lambar shafi ɗaya?"

Bong ya taɓa kunnensa kamar har yanzu yana zafi. "To yanke sakin layin gaba ɗaya."

"Ni in sa almakashi a rubutunsa yana raye?"

"Kai Pyo, wannan ba ka so, wancan ba ka so. To zauna." Ya goge baki, ya duba wayarsa, ya miƙe. "Ai shi ya sa muka bar maka. Kai kaɗai ne ka gado shi. Mu duk 'yan kasuwa ne." Ya dafa masa karkatacciyar kafaɗar ya fita, wai yana da taro.

Saura hanya ɗaya, wato ya tambayi mai almakashin da kansa. Pyo ya daɗe yana gudun wannan, don tun bara kan Malam ya fara zuba. Ranar Alhamis ya same shi a kujerarsa ta bakin taga, bargo a gwiwa, an taje masa gashi. Ya durƙusa ya miƙa masa shafi ɗaya.

"Malam, wannan maganar ta harajin ulu a tashar jirgi. An sa *ibid.*, shafi na ɗari biyu da sha ɗaya. Wane littafi ne?"

Malam ya kai takardar kusa da ido, ya daɗe yana dubawa, ya shafa busasshen gam ɗin da babban yatsa.

"Ai na faɗa a sama," in ji shi.

"Malam, na saman wani ne daban."

"To duba saman wancan." Ya mayar masa da takardar da ɗan fushi, irin na da. Can kuma sai fuskarsa ta saki. "Kore ne. Ana ruwan sama na saye shi, a wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Matar shagon tana da kyanwa."

Pyo ya waiga ya dubi kantocin. Rana da shekaru sun mayar da rabin littattafan kore-kore, sauran kuma ba a san launin da suka taso da shi ba.

"Kai ɗan aji nawa ne?" Malam ya tambaye shi.

"Na gama, Malam."

"Madalla. Ka nemi aiki. Zaman banza ba kyau."

Sabuwar Shekara ta zo. A al'ada, ɗalibai kan je su yi wa malaminsu gaisuwar goshi a ƙasa, a ci miyar wainar shinkafa. Da, sai an yi layi har waje, takalma sun cika ƙofa. Bana mutum uku ne suka zo, biyu kuma suna gama sunkuyawa suka tuna surukansu na jira. Pyo ya rage shi kaɗai. Malam ya yi barci a kujera. Samonim na zaune a ƙasa tana feraye tuffa, ɓawon na sauka dogo bai tsinke ba.

Tun a bas Pyo yake haddar abin da zai faɗa, amma da ya gyara durƙuso sai duk ya watse. Ya fara da gwiwar surukarsa, ya faɗa kan kwale-kwale, ya dawo kan Da-som. Samonim ba ta ɗago ba.

"Tsaya, Dakta Pyo. Aiki ka samu a Mokpo?"

"E, Samonim. Amma ban riga na…"

"To je ka mana. Wa ya riƙe ka?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Tun yaushe nake ce wa malaminku ya saki yaron nan. Mace da 'ya a wani gari, kai kana nan kana shaƙar ƙura. Ci tuffa." Ta soka yanki ɗaya da ɗan cokali mai yatsu ta miƙa masa. "Ranar aurenku ina kallonta na ce wannan ba za ta yi wasa ba. Ta ma yi haƙuri."

"Littafin kuma, Samonim, na yi tunanin ko Yaya Bong…"

"Ci tuffarka. Yau ranar biki ce."

Ya ci. Ya sunkuyar da kai don kada a ga hawayensa. Da zai tafi ta ƙulle masa kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji, da soyayyen ƙwai da kifi, ta raka shi har bakin titi. Daga nan zuwa tasha bai san ya yi tafiyar ba. Ya kira Mi-ran ya ce mata an sake shi. Ta ce sai ta gan shi da ido.

Ta kuwa gan shi. A watan Maris Pyo Sang-deok ya fara aiki. Aka ba shi tebur kusa da taga, ana hango jirage, aka liƙa sunansa a ƙofa da ɗan kuskure a harafin ƙarshe, ya ce a bar shi haka. Ya koyi sunayen ragar kamun kifi. Da yamma ya dawo ya ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu ya kwashe kwanuka, surukarsa na zaune bakin kanta tana gaya wa masu cin abinci cewa wannan mai goge teburin dakta ne, su yi masa magana da ladabi. Da-som ta ɗauki mako biyu kafin ta daina yi masa gaisuwar baƙo. Ran nan har ta ce ya duba mata aikin gida, ya duba, ya ce ina ta samo wannan maganar, ta ce a intanet, ya buɗe baki zai yi wa'azi, Mi-ran ta harare shi ya rufe.

Wata Asabar da rana tsaka, gidan abincin ya cika maƙil, sai ga motar kai saƙo ta tsaya a ƙofa ta toshe hanya. Direban ya leƙo.

"Waye Pyo Sang-deok?"

Pyo ya fito da tire a hannu. Direban ya buɗe bayan mota ya fara sauke kwalaye, irin na tuffa, an ɗaure kowanne da jar igiya. Ya sauke, ya sauke, har suka tare tankin kifin da ke bakin ƙofa. Pyo bai buƙaci buɗewa ba. Warin tsohon gam ya riga ya fito ta kusurwar da ta yage.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihun ƙyallen aikin.

"Dakta Pyo, sun iso?" Muryar Samonim ce, tas da ita. "Na ce kada nisa ya wahalar da kai, gara takardun su zauna kusa da kai ka riƙa dubawa da yamma. Na ƙirga su da kaina, babu wadda ta ɓace."

"Samonim, ai na ɗauka…"

"Littattafan ne dai ban aiko ba. Malaminka in ya ga giɓi a kanta ba ya cin abinci. Sai ka riƙa zuwa ranar Asabar kana dubawa, tunda ba ka aiki. Ɗakin yana nan, zan shimfiɗa maka. Jiya ma sai da ya tambaye ni ina yaron nan mai kwafe. Ni ban san Latin ba, Dakta Pyo, ban san ulu ba. Abin da na sani, ina so ya riƙe littafin nan a hannunsa tun yana gane sunansa a bango."

Mi-ran ta fito daga kicin da ludayi, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi kwalayen, ta dube shi. Ya juya mata baya kaɗan, ya sunkuyar da kai kamar tsohuwar na gabansa.

"To, Samonim," in ji shi. "Na gode da ɗawainiya."

Ya kashe wayar. Wani mai cin abinci daga ciki ya ɗaga murya yana neman ƙarin shinkafa.

"Asabar," in ji Mi-ran. Ta ji komai, don Samonim ba ta iya magana a hankali a waya ba. "Ranar da muka fi cika."

"Zuwa kaka ne kawai."

Ta nuna kwalayen da ludayin. "Kwashe su daga gaban kifina, mutane ba sa ganin abin da za su zaɓa. Kuma ba a ɗakinmu ba."

"To ina?"

"Kai ne dakta."

Ta koma ciki. Pyo ya ajiye tiren a kan tankin kifi, ya sunkuya ya rungumi kwali na farko. Ya fi yadda ya tuna nauyi. Yana hawa matakala Da-som ta buɗe ƙofar ɗakinta, kunne ɗaya da abin jin waƙa, ta matsa ta ba shi hanya.

"Baba, komawa za ka yi?"

"A'a. Ina nan."

"To mene ne wannan?"

"Aiki ne. Ɗan matsar min da takalman nan."

Ta tura su gefe da ƙafa. Ya ajiye kwalin a lungun da ke tsakanin ɗakinta da banɗaki, ya auna wurin da ido, ya ga in ya jera su har rufi za su shiga. Sannan ya sauka ɗauko na biyu.